Ruwan da Ya Zo Mana ta Baya

Mun bar Bungudu da asuba, ana idar da salla, mu uku: ni da Inna da Kawu, ƙanenta, sai jaki guda da aka ɗora Inna a kai saboda gwiwoyinta. An gama yankan gero, dawa tana tsaye ba ta nuna ba. Na san da yawa a cikinku kun ji labarin tafiyar nan a bakin mutane, kowa da irin gishirin da ya ƙara, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta yadda ta kasance, tunda Baba ya koya mini riƙon alƙalami. Wanda zai karanta muku ya yi haƙuri da rubutun.

Ga abin da ya fitar da mu. Inna tana da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda mahara suka ɗauke a gona tun kafin zuwan Nasara, tana yarinya ƙarama. An nema har an gaji, an yi mata sadaka. Sai bara wani bafatake mai kai kanwa kudu ya dawo ya ce a kasuwar Burutu, can ƙarshen ƙasa inda Kwara ke shiga teku, ya ga wata mai sayar da bandar kifi da tsagar Zamfarawa a fuska. Ya yi mata Hausa, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ambaci Bungudu da sunan kakana. Tun ranar Inna ba ta ƙara cin tuwo ta ƙoshi ba. Ga tari da ya daɗe yana cin ta. Ta ce ita dai a kai ta ta ga 'yar'uwarta da idonta kafin ɗaya ta riga ɗaya. Baba ya hana, ya sake hanawa, daga baya ya ga hanin ne zai kashe ta. Ya ce to mace ba ta tafiya babu mace mai kula da ita, maigidana kuwa ya yarda in bi ta. Kawu ba a haife shi ba lokacin da aka ɗauke yayar tasa, amma ya taɓa kai fatu Lakwaja, saboda haka a gidanmu shi ne sarkin ruwa.

A Gusau muka shiga ayarin masu kai fatu da taba Zariya. Gari ya cika da maganar wai za a kawo layin dogo har nan, wasu na murna, masu jakuna na tsaki. Muka bi ta gindin dutsen Kwatarkwashi, muka sauka Tsafe ranar kasuwa. Nono ya yi araha har Fulani na bin mu da ƙwarya suna cewa mu taya. Na sha kamar na san ba zan sake ganinsa ba sai na dawo, kuma haka ta kasance. A Kucheri har yanzu mai ƙosai tana karɓar kuɗin wuri, mai gishiri kuwa sai kwabo. Nan Inna ta sa aka auna mata gero da tsamiya da daddawa, ta ƙulle a tsumma, ta ce ba a zuwa wurin ɗan'uwa hannu rabbana. Kawu, wanda ya ɗoro kanwar da zai sayar a kudu, ya ce kaya sun yi wa jaki yawa. Ta ce masa, “To sauke kanwarka.”

Jirgin ƙasa ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba, wasunku sun gan shi a Zariya. Abin da zan ce kawai, kada ku zauna kusa da taga da fararen kaya, kuma kada ku buɗe ido sosai in ya yi kwana, don garwashi ke shigowa. Inna ta riƙe hannuna tun daga tashi har Minna, inda aka sauya mana wani jirgin ya kai mu Baro. Nan na fara ganin Kwara. Na ɗauka na san gulbi. Na tsaya ina neman ɗaya gaɓar, mutanen da ke kanta kamar ƙudaje.

Kawu ya daidaita da wani Banufe mai babban kwale-kwale da ke kai kaya har Burutu. Dattijo ne mai ƙarancin magana, yana jin Hausa sarai, da matuƙa biyu majiya ƙarfi. Jirgin itace ne, dogo, an yi masa rumfar tabarma a tsakiya, da murhu a kan ƙasar da aka zuba cikin kasko. A ruwa marar zurfi su tura da gwangwala, a mai zurfi su sa filafili, in iska ta zo daidai su kafa sanda su ɗaura buhunan da aka ɗinke wuri ɗaya, sai ka ji jirgi ya yi sauƙi yana tafiya da kansa. Doka ta farko da mai jirgi ya ba mu ita ce kada kowa ya miƙe tsaye babu sanarwa. Ta biyu, abu in ya faɗa ruwa a bar shi.

Akwai abin da ba wanda ya faɗa mini kafin mu tashi, kuma dole in faɗa muku, don shi ne tushen abin da ya same mu. A cikin kwale-kwale babu bayan gida. Tabarma ce ake ratayewa a ƙarshen jirgi, ki tsuguna, maza suna nan kamu biyu daga gare ki suna kallon wani wajen don kara. Ni na daure na saba. Inna ba ta saba ba. Matar da ko tari ba ta yi a gaban suruki, ga ƙanenta zaune, ga baƙi. Sai ta rage ci, ta rage sha, ta riƙa jira sai an tsaya a gaɓa, gaɓar kuwa wani lokaci wuni guda ba a samu ta tsayawa ba. Wanka kuwa sai dai shafe-shafe da tsumma a ƙarƙashin rumfa. Na riƙa yi mata faɗa a hankali, tana ce mini, “Ke ba ki da kunya, ɗiyan yanzu.”

Ban da wannan, tafiyar gulbi tana da daɗi, ba zan yi mata ƙarya ba. A Lakwaja Binuwai ta shigo cikin Kwara, ruwa biyu kowane da launinsa, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya. Akwai Hausawa da yawa a can, har muka ci tuwon dawa a gidan wata Bakatsina. Daga Ida zuwa ƙasa duniya ta sauya. Itatuwa suka rufe gaɓa, ruwan sama ya riƙa sauka a lokacin da mu a gida an manta da shi. Mun ga dorina ta buɗe baki, mun ga kadoji kwance a rairayi, mai jirgi bai ko juya kai ba. Kasuwar Anaca ta fi ƙarfin idona, mata ne ke riƙe da ita, kuma ba sa sassauta ciniki don ke baƙuwa ce. Doya kamar kyauta, manja kamar ruwa, gero kuwa ko na magani babu. Kanwar Kawu ta yi daraja, ya sayar yana ta shafa gemu. Na koyi cin garin rogo da kifi. Inna ta ce abinci ne na wanda ya yi fushi da cikinsa, amma ta ci.

Bayan Anaca gulbi ya fara rarrabuwa kamar yatsun hannu. Ƙasa ta ƙare, sai laka da wasu itatuwa da saiwoyinsu ke tsaye a sama kamar ƙafafun gizo-gizo, da sauro wanda ba ya jiran magariba. Wata safiya na kamfaci ruwa zan kurkure baki na ji zartsi. Mai jirgi ya ce daga nan ruwan sha sai na tulu, teku ta kusa. Na karanta a wurin Baba cewa ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi. Iyakar abin da na sani game da teku ke nan.

A Burutu akwai jiragen ƙarfe masu hayaƙi, tsayinsu ya fi soro, da ƙarar guduma tun safe. Muka sami masu sayar da kifi, Kawu ya yi ta kwatance da yatsa a kumatunsa. Suka gane ta nan take. Suka ce ba ta zo wannan kasuwar ba, ƙafa ke damunta, amma ƙauyensu na masunta yana can hayin babban ruwa, inda gulbi ya buɗe ya zama kamar tafki marar iyaka kafin ya haɗu da teku. Inna ta ji “ƙafa ke damunta” ta yi dariya, ta ce to lallai jininmu ce. Mai jirgi ya yarda ya kai mu, da kayan komowarsa a ciki, har da buhunan gishirin da Kawu ya saya da kuɗin kanwa.

A nan bakin Burutu na lura da wani abu. Turakun da ake ɗaure jirage, da safe ruwa na wuyansu, da rana sai ga su tsirara, laka na sheƙi a gindinsu. Na tambayi mai jirgi, ya ce ruwan nan numfashi yake yi, ya ja ya saki, kullum, dare da rana. Kawu ya ce ai ruwan sama ne ake yi can arewa yake isowa kashi-kashi. Ni kuma na ɗauki maganar Kawu, don ita ce ta yi kama da abin da na sani.

Muka shiga babban ruwan da hantsi. Iska ta cika buhuna, jirgi ya riƙa hawa yana sauka a hankali. Gaɓa ta koma zare. Can kudu ana hango wani farin layi, mai jirgi ya ce teku ce ke karyewa a kan rairayi, ba za mu kusance ta ba. Wajen azahar iska ta mutu, ruwa ya yi ta raguwa, sai muka ji ƙasan jirgi ya goga ya tsaya. Kafin a jima ruwa ya janye ya bar mu a gefen wani fili na rairayi fari tas, faɗinsa ya fi gonakin unguwarmu a haɗe. Mai jirgi ya kafa gwangwala ya ɗaure jirgi. Ya ce babu abin yi sai jira, ruwa zai dawo ya ɗauke mu. Maza suka sauka suka yi salla a tsaye, abin da suka daɗe ba su samu ba, suka hau hura wuta.

Inna ta dubi rairayin nan, ta dube ni. Na gane. Ta ɗauki buta da ƙwarya da sabulun salo, ni na ɗauki tulun ruwan daɗi ƙarami.

Mai jirgi ya ce, “Iya, kada ku yi nisa. Ruwa zai dawo.”

Inna ta ɗaga kai ta dubi gabas, ta dubi arewa, ta juya ta dubi ko'ina. Sama wankakkiya, ko gajimare babu. Ta ce, “Da wane hadari za shi dawowa?”

Ya ce, “Ba ya bukatar hadari. Ku tsaya inda nake ganinku.”

Da muka ɗan yi gaba ta ce mini ƙasa-ƙasa, “Ji mutum. Inda shika ganinmu. To mi anka yi ke nan?”

Ku da kuka tashi a bakin gulbin Bungudu da Gusau kun san dokarsa. Da rani rairayi ne, mu yi tono mu ɗebi ruwa, mu yi wanki mu shanya. Da farkon damina kuwa kafin ki shiga sai kin dubi gabas. In an yi ruwa can sama gulbi zai kawo, kuma ba ya zuwa a ɓoye. Za ki ji rugugi, ki ga jan ruwa da kumfa da karare, kuma ta hanya ɗaya yake zuwa, daga sama. In mata za su yi wanka sai a tsayar da ɗaya ta fuskanci sama tana saurare. Da wannan muka tashi, da shi uwayenmu suka tsira. Shi muka yi a ranar, ba mu tsallake ko ɗaya ba.

Muka taka fili mai tsawo, muka gangara wani ɗan kwari busasshe, muka hau tudun rairayi a hayinsa, muka sauka bayansa inda ko kan sandar jirgi ba a gani. Inna ta yi abin da ya kawo ta. Sannan ta zauna a bakin wani ɗan gurbi ta yi wanka na gaske, na cuɗa mata baya, na ɗauraye ta da ruwan tulu. Rabon da in ga fuskarta ta saki haka tun Tsafe. Ta ce in tsaya mata gadi za ta wanke zanenta, kada ta je wa ƙanwarta tana warin kifi. Na hau gefen tudu na fuskanci arewa, inda gulbi ya fito, na kasa kunne. Shiru. Tsuntsaye farare suna kiwo a laka. Har na fara tunanin yadda zan ba ku labari.

Ƙwarya ce ta fara wuce ni. Na gan ta tana tafiya a hankali ta gefen ƙafata, ta nufi arewa, wato tana hawa sama, inda ruwa ba ya zuwa. Na juya. Ruwa ne ya taho ta bayanmu, daga wajen teku, garau, ba ja ba, babu kumfa, babu ƙara, yana shimfiɗuwa a kan rairayi kamar ana baza tabarma. Ya riga ya kai idon sawun Inna, ita kuma tana sunkuye tana matse zane ba ta kula ba.

Na ja ta muka hau kan tudu. Daga nan na ga abin da har yau nake gani in na rufe ido. Kwarin da muka ratsa a bushe ya cika, ruwa na gudu a cikinsa. Bayansa filin nan duk ya zama madubi. Jirgi yana can nesa, maza sun yi ƙanana, suna ɗaga hannuwa.

A gida in gulbi ya kawo, gudu ake yi a haye tun bai yi ƙarfi ba. Na kama hannun Inna muka shiga kwarin. Taku kaɗan ruwa ya kai ƙuguna, ya kwashe ƙafafun Inna, na riƙo ta da gashi da zane na jawo ta baya. Muka koma kan tudu tana tari kamar ƙirjinta zai tsage. Iska ta kawo mana muryar mai jirgi guntu-guntu: mu tsaya, kada mu sake shiga, mu tsaya a wuri mafi tudu.

Na ga suna tura jirgi, yana motsi kaɗan yana tsayawa. Sai na gane lissafin. Jirgin yana da nauyi, ruwan da ke kan fili bai isa ya ɗauke shi ba. Ba zai iso gare mu ba sai ruwa ya ƙaru, ruwan kuwa in ya ƙaru a kanmu yake ƙaruwa. Abin da zai kawo mana ceto shi ne abin da ke cin mu, saura kawai wanne zai riga.

Tudun ya nutse. Ruwa ya kai gwiwa. Inna ba ta iya tsayuwa, gwiwoyinta sun ƙi. Na tsuguna na ce ta hau, na goya ta da jiƙaƙƙen zanen nan na ɗaure a ƙirji kamar jaririya. Ba ta da nauyi, wannan ma ya ba ni tsoro. Ga wani abu da ba a faɗa: in kika tsaya cik, ruwa yana zare rairayi daga ƙarƙashin diddigenki, ki riƙa nutsewa ba ki sani ba. Dole na riƙa ɗaga ƙafa ina saukewa kamar mai cuɗa ƙasar gini. Ƙananan kifaye suna taɓa mini cinya. Na karanta duk abin da na haddace, na dawo farko, na rikice a tsakiyar surar da na iya tun ina shekara bakwai.

Inna ta sa bakinta a kunnena ta ce, “In ruwan ga ya ci ni, kada ki koma gida ba ki gane ta ba. Ki ce mata na taho.”

Na ce, “Inna, ki yi shiru ki riƙe ni.”

Ta riƙe ni. Ruwa ya kai cibiya, ya wuce. Can na hango Kawu tsaye a cikin jirgi yana ɗaga buhu yana jefawa, yana ɗaga wani. Gishirinsa ne, duk abin da ya fito nema, yana mayar wa teku kayanta. Matuƙan biyu suna cikin ruwa sun sa kafaɗa. Jirgi ya goga, ya goga, sai ya saki. Da ya faɗa kwarin nan ruwa ya nemi ya wuce da shi, mai jirgi ya soka gwangwala ya danne da dukan jikinsa har ta lanƙwasa.

Ruwa yana ƙirjina, na ɗaga haɓa, lokacin da na fara jin numfashin mazan. Inna ta sake matso da baki. Na ɗauka wasiyya za ta ƙara. Ta ce, “Ke, ja zanen ga ki rufe min kafaɗa, maza na tahowa.”

Ban san wanda ya ɗaga mu ba. Na farfaɗo a ƙasan jirgi ina aman ruwan gishiri, Kawu yana kuka a fili, Inna lulluɓe da rigarsa. Mai jirgi bai yi mana faɗa ba. Ya ce shi ma shekarar da ya fara zuwa nan sai da ya rasa jirgi guda, ɗan gulbi ne kamarmu. Iska ta taso tare da ruwan, suka ɗaura buhuna, kafin rana ta yi ja muka hango bukkoki tsaye a kan turaku da hayaƙin banda.

Wata dattijuwa tana zaune a bakin wuta tana juya kifi, ta miƙe ƙafa ɗaya. Ba sai an nuna mana ba, fuskar Inna ce aka ɗora wa wata. Inna ta ƙi a ɗauke ta, ta taka da kanta tana dafa ni. Matar ta dube mu, ta ajiye sandar hannunta, ta tashi da ƙyar. Ta sa yatsa ta bi tsagar kumatun Inna layi-layi, ta bi nata. Sannan ta ce, “Yaya.” Suka zauna a ƙasa su biyu har kifin ya ƙone.

Hausarta ta tafi, saura kalmomi kamar tsakuwa a tafin hannu. Mai jirgi ne ya riƙa yi mana tafinta da guntun yarensu da ya iya. Da ya ba ta labarin rairayi sai ta kama kunnen Inna ta ja, tana faɗa da yarenta, jikokinta suna dariya, don a wurinsu ko mai rarrafe ya san wannan. Washegari Inna ta kwance ƙullinta ta dama kunun tsamiya. Ƙanwar ta kurɓa, ta rufe ido, hawaye na zuba. Ta kurɓa na biyu, sannan ta miƙa hannu ta zuba barkono da ɓarin kifi a ciki. Inna ta ce, “Sun lalata ta,” tana dariya tana share ido.

Mun yi kwanaki a can. Kawu ya kawo maganar ta biyo mu gida. Da aka fassara mata, sai ta nuna mijinta, tsoho mai gyaran taru, ta nuna 'ya'yanta maza da mata, ta nuna jikoki, ta buɗe hannu. Kawu zai ƙara magana Inna ta ce, “Bari. Ni gani na zo yi, ba ɗauka ba.” Ranar tafiya ɗan ƙanwar Inna na fari ne ya ja mu gaba a ƙaramin jirginsa. Ya sa muka jira har ruwa ya fara cika kafin mu tashi, ya bi da mu ta inda launin ruwa ya fi duhu, muka haye ba mu taɓa ƙasa ba.

Komowa ta fi tsawo, don hawa ake yi, ga tarin Inna ya ƙaru tun ranar nan. Jirgin hayaƙi ya kai mu Lakwaja, kwale-kwale ya kai mu Baro, daga nan hanyar da muka bi. Kawu ya dawo babu kanwa babu gishiri, kuma bai ƙara cewa ya san ruwa ba, amma duk zangon da muka sauka sai ya ba da labarin buhunan nan, kullum suna ƙaruwa. Mun shiga Bungudu ana sharar gona. Gida ya cika, kowa na leƙen bayanmu. Wani tsoho cikin dangi ya ce, “To ina take?” Inna ta ce, “Tana ɗakinta.”

Inna tana kwance yanzu, ba ta fita, amma tana cin tuwo. Ni ce ban dawo daidai ba. Ko a randa na ga ruwa ya motsa sai gabana ya faɗi.

Shekaranjiya wata mata ta zo daga 'Yankuzo, ta ji labarinmu. Ita ma an ɗauke wanta a waɗancan shekarun, kuma an ce an ga mai kama da shi a can wajen Burutu. Ta ce in faɗa mata hanya. Na ce ta tafi bayan girbi, ta riƙe tulunta da ƙullin geronta. Ta nemi mai jirgi mai ƙarancin magana, in sun kai ruwan zartsi kuma su ɗauki ɗan wurin ya ja su, ko nawa zai ci. Kada a shiga babban ruwa yana janyewa, a jira ya fara cika. Rairayin da ta gani a tsakiyarsa ba ƙasa ba ne, aro ne, mai shi yana dawowa kafin la'asar, kuma ta baya yake zuwa. In ya tare ta kada ta haye, ta hau tudu ta riƙa motsa ƙafa. Na ce ta ɗinka labule mai kauri tun daga gida, ta rataya a jirgi ta yi abin da za ta yi, kunyar da za ta kai mutum bayan tudu a wurin nan ba kunya ba ce. Abin da ya fi ba ni tsoro na bar shi ƙarshe: mu ba ganganci muka yi ba. Duk abin da aka koya mana mun yi, mun dubi sama, mun tsayar da mai gadi. Sanin gida ne ya juya mana baya ga ruwan. Wanda bai san komai ba da ya ji tsoro ya zauna kusa da jirgi.

Na faɗa mata har inda ruwa ya kai mini, na nuna da hannu. Na ɗauka za ta ce Allah ya kyauta ta fasa. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, “Amma kun ishe ta?”

Na ce mun ishe ta.

Ta ce, “To,” ta jawo takalmanta, ta tambaye ni kamu nawa labulen zai ci.